Yadda Kawu Ya Shiga Littafinmu

Ni da yayana muka ƙirƙiri Numfashi. Shi ke rubuta labarin, ni nake zanawa, kuma duk bayan wata biyu muke fitar da littafi ɗaya mai shafi ashirin da huɗu. Numfashi jarumi ne mai ƙarfin mutum dubu, amma ƙarfin ba ya zuwa masa sai ya riƙe numfashinsa. Da zarar ya sake shi, sai ya koma siririn ma'aikacin gidan waya wanda ko buhun siminti ba ya iya ɗagawa. Yaya ne ya kawo wannan dabarar, kuma har gobe ina cewa ita ce abu mafi kyau da ya taɓa fitowa daga kansa.

Ɗakin aikinmu tsohon sito ne a bayan gidan Mama. Teburina yana jikin taga saboda haske. Nasa yana bakin ƙofa, don shi ba ya iya rubutu a zaune, sai ya yi ta kai da komowa yana faɗin maganganun mutanen labarin da ƙarfi, har kajin maƙwabta su tsorata. Yaya malamin makaranta ne, kuma ciwon malamai ya kama shi sosai: abin da za a faɗa da kalma biyar, shi sai ya kai hamsin. Ni kuwa nakan raba kowane shafi gida-gida, in zana abin da ke faruwa a kowane gida, in bar ɗan fili a sama don kumfa, wato da'irar nan da ake rubuta maganar mutum a ciki. Sai Yaya ya miƙo mini maganar da za ta cika kumfa uku.

"Yaya, to ina zan sa kan mutumin?"

"Ki ɗan rage masa kai mana, Auta. Ai maganar ce labarin."

Haka muka yi ta fama har fitowa shida. A ta bakwai muka ga ya kamata Numfashi ya sami abokin gaba na gaske, don ɓarayin da yake kamawa sun fara gundurar masu karatu. Yaya ya ƙirƙiro Mai Tsatsa, mutumin da duk ƙarfen da ya taɓa sai ya yi tsatsa ya marmashe. Suna ya yi, iko ya yi, saura fuska. Kwana huɗu na yi ina zane ina gogewa. Duk fuskar da na zana sai ta fito kamar Numfashi ne ya bar gemu.

A rana ta biyar Kawu ya zo. Yayan Mama ne, bakanike, shekara arba'in yana ƙarƙashin motocin mutane. Injin jan ruwan gidan ne ya tsaya, ya zo ya duba shi. Da ya gama ya ci abinci, sai barci ya kwashe shi a kujerar falo. Na zo wucewa da kofin shayi, na tsaya cak. Girar nan tasa da ta haɗe wuri guda, gashin baki fari wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi, ga tabon da sifana ta bar masa a haɓa tun yana saurayi. Na ajiye kofin, na ɗauko fensir. Cikin minti goma na gama.

Da Yaya ya dawo daga makaranta ya gani, sai ya buga tsalle.

"Shi ne! Wannan ne Mai Tsatsa!" Ya ƙara kusanto da takardar. Murnar ta ɗan ragu. "Auta, wannan ai Kawu ne."

"Kama ce kawai."

"Kama har da tabo?"

Muka zauna muka yi shawara irin ta marasa gaskiya. Kawu dai ba ya karanta komai sai littafin injin mota. Ina zai ga namu? Don in kwantar wa Yaya da hankali, na ɗauke tabon daga hagu na mayar da shi dama, muka ce ai yanzu ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

Fitowa ta bakwai ta ƙare a shaguna cikin sati biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Saƙonni suka yi ta shigowa wayar Yaya, kowa Mai Tsatsa yake tambaya. Ta takwas ma haka. Har mun manta da maganar.

Ran wata Asabar da hantsi, ina cikin bin layin fensir da tawada, muka ji hon ɗin tsohuwar motar Kawu a ƙofar gida. Ba a jima ba ya cika ƙofar ɗakinmu, riƙe da fitowa ta takwas a naɗe kamar zai kashe ƙuda. Mama tana bayansa, ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa.

Muka gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Wa ya zana wannan?"

Yaya, jarumin maza, ya nuna ni da ɗan yatsa.

Kawu ya ja kujerar Yaya ya zauna. "Shekaranjiya wani direba ya kawo mini mota, da 'yarsa a ciki. Yarinyar nan tana ganina ta ƙwalla ihu, 'Baba, kada ya taɓa motarmu!' Ta kulle ƙofa ta ƙi fitowa. Yanzu duk layin gareji ba mai kirana da sunana. Mai walda na kusa da ni, in zan wuce sai ya rufe kayan aikinsa da tamfol."

Dariyar Mama ta kubce. Ni kuwa na fara ba shi haƙuri.

"Kawu, ku yi haƙuri. Wallahi ban yi da niyyar..."

"Dakata, 'yar nan. Ba fuskar ce ta kawo ni ba. Fuskar ta yi kyau, kin ma rage mini shekara goma." Ya warware littafin, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya, ya danna babban yatsa a kai. "Wannan fa? Dubi yadda ya riƙe sifana. Kamar cokali! A ce mutum da fuskata ya riƙe sifana haka? Duk abokan sana'ata sun gani. Da wane ido zan kalle su?"

Ya sake danna yatsa a kan shafin.

"Sannan tsatsar. Kin zana ta kamar an watsa wa ƙarfe jar ƙasa. Tsatsa ba daga sama take saukowa ba. A mahaɗa take farawa, inda ruwa yake kwanciya, ta ci ciki tukuna kafin ta nuna kanta a waje." Ya juya wajen Yaya, wanda ya fara murmushin tsira. "Kai kuma Malam, me ya sa mutumin nan ba ya rufe baki? Ya zo karya ƙofar tashar jirgin ƙasa, ya tsaya yana jawabi shafi biyu. Wa yake koya wa darasi? Mai aiki ba ya surutu."

Yanzu ni ce na sunkuyar da kai ina danne dariya.

"To a ta tara me za ku yi da shi?"

Yaya ya gyara murya. "Ai a nan labarinsa zai ƙare, Kawu. Za su gwabza a kan gada, Numfashi ya ɗaga shi ya jefa shi kogi. Shi ke nan."

Kawu ya kalle shi, irin kallon da yake yi wa direban da ya zuba ruwa a tankin mai.

"A kogi."

"E, Kawu."

"Mai Tsatsa za ka kashe da ruwa? Ruwa ai uwar tsatsa ce! Ka mayar da ɗa wajen uwarsa ka ce ka gama da shi? Ashe karatun naka a makaranta ka bar shi."

Yaya ya dafe kai. Sati uku ya yi yana gina wannan ƙarshen, ga shi ya rushe a numfashi ɗaya.

"Ku tashi," in ji Kawu. "Ke, ɗauko fensirinki."

Rabona da garejin Kawu tun ina 'yar makaranta. Rumfar kwano ce mai tsawo, ƙasan ta yi baƙi da tsohon mai, sifanu jere a jikin allo daga ƙarama zuwa babba, kowace da ƙusarta. Muna sauka mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi kirari, "Mai Tsatsa ya dawo da masu laifi!" Kawu ya ɗaga masa hannu kamar wani shugaba, na kuwa lura abin yana yi masa daɗi.

Ya kai mu bayan rumfar inda yake tara tsofaffin ƙarafa. Ya zaro wani guntun ƙarfen ƙasan mota, ya ɗora a kan teburin aiki. Daga waje lafiya lau, har da sauran fenti. Ya ɗauki guduma ya ɗan ƙwanƙwasa gefen noti. Ƙarfen ya buɗe falle-falle kamar tsohon littafin da ruwa ya jiƙa ya bushe, ja a waje, baƙi a ciki, wani wurin ruwan ɗorawa. Ban taɓa sanin tsatsa tana da launi har uku ba. Na tsuguna a wurin na cika shafi huɗu.

Sai ya sa ni na riƙe sifana. "Ba turawa ake yi ba, jawowa ake yi wajen ƙirji. In kika tura ta kubce, ga sakamakon." Ya nuna haɓarsa. "Kuma a hagu yake, ba dama ba. Ki mayar mini da shi wurinsa."

Na zana hannunsa sau shida, da jijiyoyin da suka tashi, da baƙin man da ya zauna a layukan tafinsa wanda sabulu ya daɗe da sallamawa.

Yaya kuwa yana ta zagaye yana neman abin yi. Ya ga wani noti mai tsatsa a jikin tsohon inji, ya sa sifana ya ja da iya ƙarfinsa don ya burge Kawu. Ƙas! Kan notin ya guntule, Yaya ya zauna daɓas a kan tsohuwar taya.

"Ka gani?" in ji Kawu, ko taimaka masa bai yi ba. "Abin da ya yi tsatsa ba ya son ƙarfi. Mai ake ɗiga masa, a jira, a lallashe shi. In ka nuna masa ƙarfi, sai ya karye a hannunka."

Yaya bai tashi daga kan tayar ba. Na san wannan kallon nasa.

"Auta," ya ce a hankali, "in gadar ta yi tsatsa, duk inda Numfashi ya kama zai marmashe. Ƙarfinsa ba zai yi masa amfanin komai ba."

"Kuma numfashinsa yana ƙarewa," na ce.

Ya miƙe ya yago murfin kwalin batir, ya karɓe fensirina ya fara rubutu. Kawu ya leƙa ta kafaɗarsa.

"Ni fa akwai abin da ban gane ba. Mutumin nan, wa ya ɓata masa rai? Ba a wayi gari haka kawai mutum ya tsani ƙarfe ba."

Yaya ya ce mugu ne kawai, haka aka halicce shi.

"A'a. Ni ban yarda ba. Ina jin shi ne mai kula da gadar nan tun farko. Shekara da shekaru yana cewa a kawo fenti, a kawo giris, ana ce masa gobe. Na san irinsu. Ni kaina sau nawa nake ce wa mutum birkinka ya kusa, ya ce mini sai wani satin?"

Kwalin bai isa ba, sai da Yaya ya yago na biyu.

Cikin kwana goma sabon labarin ya tsaya da ƙafarsa. Mai Tsatsa zai taɓa gadar a ranar da aka ce an rufe ta, don ya nuna wa waɗanda suka ƙi jin maganarsa abin da ya daɗe yana faɗa. Bai san an buɗe ta da wuri ba. Sai ga bas cike da mutane ta hau. Numfashi zai ja iska ya shiga ƙarƙashin bas ɗin ya tallafe ta, amma duk inda ya taka yana zubewa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wane ginshiƙi ne har yanzu yake da lafiya, shi ne Mai Tsatsa.

A nan faɗanmu ya tashi. Na ware shafi huɗu don wannan wurin, na ce ba kalma ko ɗaya. Yaya ya kawo mini rubutu shafi biyu da rabi: tunanin Numfashi, nadamar Mai Tsatsa, har da abin da direban bas yake faɗa wa fasinjoji.

"Yaya, mutumin da ya riƙe numfashi ba ya magana."

"Ai tunani ne."

"Ka riƙe naka numfashin minti ɗaya ka gaya mini tunanin da ka yi."

Ya gwada. Bai kai rabin minti ba ya saki, yana haki. "Na yi tunanin... iska."

"To ka gani."

"Amma ba za su gane ba, Auta! Ta yaya mai karatu zai san ya yi nadama in bai faɗa ba?"

Kwana biyu ba mu shirya ba. Yana shigowa ya ajiye mini shayi ba magana, ni ma in tura masa shafi ba magana. A rana ta uku na gama zanen da fensir, na ce mu kai wa Mama. Ba ta san labarin ba, kuma ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta don kunyar wani ba. In ta gane, na ci. In ba ta gane ba, zan rage wa kowa kai in zuba maganar.

Muka same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Ta goge hannu, ta sa tabarau, ta karɓi shafukan.

"To, ga mota a kan gada. Wayyo, ƙasan yana zubewa. Ga yaron nan ya shiga ƙarƙashi. Kumatunsa sun kumbura." Ta juya shafi. A nan na yi gidajen sirara dogaye, kowanne ya fi na bayansa matsewa, fuskar Numfashi tana ƙara duhu. "Ƙafarsa ta burma. Ya canja wuri, nan ma ta burma. Ga Yaya can a tsaye." Kawu take nufi. "Ya ga yara a tagar motar. Kai, dubi idonsa. Bai so haka ba, wallahi bai so ba." Ta juya na uku. Gida ɗaya ne ya cika shafin: hannun Kawu riƙe da sifana, yana nuna ginshiƙi na uku daga hagu.

Mama ta daina magana. Ta kai shafi na huɗu, idonta yana bin Numfashi taki ɗaya, taki biyu, bas a kafaɗa. Sai na lura ƙirjinta ba ya motsi.

"Mama, ki yi numfashi!"

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta dafe ƙirji. "Ku yaran nan za ku kashe ni. Ya ajiye ta dai ko?"

"Ya ajiye."

Na kalli Yaya. Ya daɗe yana duban rubutunsa, sannan ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

"Kalma ɗaya," ya ce. "Ki bar mini kalma ɗaya a gidan ƙarshe."

Na yarda. Kwana biyu ya yi yana nemanta, ya cika kwandon shara da takardu. A ƙarshe ya kawo mini: "Haaah." Ya ce bai taɓa rubuta abin da ya ba shi wahala kamarta ba. Na yi mata kumfa babba, har ta ɗan taɓa kan Numfashi, ban yi ƙorafi ba.

Mai Tsatsa bai mutu ba. A shafin ƙarshe an gan shi yana sauka daga gadar, hannayensa cikin aljihu don kada ya taɓa komai.

Ranar da fitowa ta tara ta iso daga maɗaba'a, tun tawadar tana ƙamshi muka kai wa Kawu kwafin farko. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya karɓa. Ya zauna a kan benci, mai walda da direbobi biyu suka kewaye shi. Ya yi ta juya shafuka har ya kai shafin hannun. Ya daɗe a wurin. Ya ɗaga nasa hannun ya kwatanta da na takardar.

"Yanzu ya riƙe ta kamar ɗan halak," ya ce. Ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin walda ne, alhali mai waldan yana tsaye a gefensa ba ya aikin komai.

Sai da mai ɗab'i ya sake buga wannan fitowar sau biyu. Wani malamin zane ya aiko saƙo yana neman izinin nuna wa ɗalibansa shafuka huɗun nan. Yaya ya karanta saƙon da ƙarfi sau uku, yana cewa, "Shafukanmu," kamar ba shi ne ya yi kwana biyu yana fushi da su ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya Kawu ya sake zuwa, wannan karon da 'yar kujerarsa ta ninkewa. Ya kafa ta tsakanin teburina da na Yaya.

"Na ji a ta goma akwai jirgin ƙasa. 'Yar nan, kin taɓa ganin cikin injin jirgi?"

"A hoto dai."

"Ba ni fensir."

Na ba shi, da farar takarda. Ya riƙe fensirin da yatsu huɗu, ya ciji leɓe. Muka ci gaba da aikinmu muna satar kallonsa. Bayan kusan awa ɗaya ya turo mini takardar. Inji ne, kowane bututu ya san inda ya fito da inda za shi, kowane noti da kusurwa shida cif. Ko wata guda aka ba ni ba zan zana kamarsa ba. A gefen injin kuma akwai wani abu dogo mai tsinke huɗu da ƙwallo a sama.

"Kawu, injin ya yi kyau ƙwarai. Wannan kuma tsintsiya ce?"

"Numfashi ne."

Yaya ya fita da gudu, muna jiyo dariyarsa daga tsakar gida. Kawu bai ko kula shi ba. Ya jawo wata takardar, ya miƙo mini fensirin in fere masa.

"To mu raba aiki," ya ce. "Mutane naki, ƙarafa nawa. Kira mini Malam ya zo ya faɗa mana jirgin nan tarago nawa yake ja."